Maros: Duwatsun da Ruwa Ya Sassaƙa

Filin jirgin saman Sultan Hasanuddin da ake jinginawa ga birnin Makassar, a bakin iyakar Maros yake. Saboda haka wanda ya zo kudancin tsibirin Sulawesi na Indonesiya don ganin duwatsu ba sai ya kutsa cikin cunkoson birni ba. Hanyar arewa na bi, wadda ta nufi Parepare. Ƙasar shimfiɗe take kamar faifai, fadamun shinkafa da tafkunan kiwon kifi dama da hagu, har sai da aka wuce garin Maros. Daga nan ne bangon duwatsu ya bayyana ta gabas, tsaye cak daga tsakiyar gonaki, ba gangare ba tudu, kowane dutse da gashin itatuwa a kansa. Wasu sun kai mita 150, wasu sun doshi 300, kuma haka suka jeru a faɗin ƙasa mai kusan murabba'in kilomita 450 tsakanin gundumomin Maros da Pangkep.

Dutsen kansa ba baƙo ba ne ga mutumin Arewa. Dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe da Malbaza ta Nijar ana ƙonawa ya zama siminti. Na Maros ya taru ne a ƙarƙashin teku marar zurfi, daga ɓawon ƙananan halittun ruwa da murjani, a lissafin masana tsakanin shekara miliyan 50 zuwa miliyan 15 da suka wuce, sannan motsin ƙasa ya ɗaga shi. In ka duba tsagar dutsen da kyau za ka ga ɓawon, ƙanana masu siffar kwabo. Abin da ya bambanta shi da namu ruwan sama ne. Yankin Makassar na samun kusan milimita 3,000 a shekara, fiye da ninki uku na abin da Kano ke samu.

Ruwan sama in ya ratsa ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye yana kwasar iskar da saiwoyi da ƙwayoyin halitta ke fitarwa, sai ya yi ɗan tsami. Tsamin bai kai wanda harshe zai ji ba, amma ya isa ya narkar da wannan dutse a hankali. Ruwan na bin tsaga, tsaga ta zama rami, rami ya zama kogo. A gindin kowane dutse kuma, inda ruwan fadama ke kwanciya wata da watanni, sai ya riƙa cin dutsen ta ƙasa har ya yi masa rumfa. Idan rumfar ta yi zurfi, saman ya rasa madogara ya rufto, bango ya sake tsayawa a miƙe. Dalilin da ya sa duwatsun ba su da gangare ke nan. Waɗannan rumfuna na gindin dutse su ne suka zama masaukin mutanen farko, kuma har yau manoma na ajiye itace da kayan noma a cikinsu. Da harshen mutanen yankin ana kiran kogo “leang”, shi ya sa kusan kowane wuri da zan ambata da wannan kalma ya fara.

Mafi sauƙin shiga cikin duwatsun ita ce Rammang-Rammang, a ƙauyen Salenrang, kimanin kilomita 40 daga Makassar. Sunan na nufin gajimare ko hazo da harshen Makassar, kuma wanda ya iso kafin fitowar rana zai ga dalili. Akwai mashiga biyu a bakin kogin Pute, inda ake hayar kwale-kwale mai inji da suke kira jolloro. Kuɗin na jirgi ne gaba ɗaya, gwargwadon yawan mutane, zuwa da dawowa, kuma ya kamata a daidaita tsawon jira tun kafin a tashi. Tafiyar minti 20 zuwa 30 ce. Kogin na ƙarƙashin cikowa da janyewar teku, ruwansa gauraye ne da gishiri, gefensa cike da wani irin kwakwa marar gangar jiki mai kama da tukurwa, wanda ake rufin ɗaki da ganyensa. Idan teku ta janye sosai, duwatsun da ke kwance a ƙasan kogin na fitowa, jirgi na iya gogar su ko ya kafe a laka. Matuƙan sun san lokacin cikowa na kowace rana, kuma da zaɓinsu ya kamata a yi aiki. A wurare biyu ko uku kogin na ratsa ƙarƙashin dutse, sai mai tsawo ya sunkuya.

Ƙarshen tafiyar ƙauyen Berua ne, ƴan gidaje a cikin kwari da duwatsu suka kewaye ta kowace fuska. Gidajen na katako ne a kan dogayen ginshiƙai, irin na ƙabilun yankin, Bugis da Makassar. Mutane na sama, ƙasan gida na agwagi da turmi da ragar kamun kifi, kuma in ambaliya ta zo ta bi ta ƙarƙashi ta wuce. Ginshiƙan ba a binne suke ba, a kan duwatsu ake ɗora su don kada danshi da gara su ci, shi ya sa in ana son sauya wa gida wuri maƙwabta na taruwa su ɗauke shi ɗungurungum. Abin da ya fi tsaya min a rai a nan shi ne ƙarancin ruwan sha. Mutum na tsaye tsakanin tafkuna, amma da rani rijiyoyin wannan yanki na Bontoa gishiri suke yi, saman dutse kuma ba ya riƙe ruwa ko kaɗan don duk ya zurare ciki. Ruwa mai daɗi sai a idon ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga gindin dutse. Mutanen Salenrang sun yi shekaru suna jayayya da masu neman fasa duwatsun nan don fitar da marmara, har aka janye izinin haƙar, kuma idon ruwan nan na cikin manyan hujjojinsu.

Lokacin zuwa na da muhimmanci fiye da yadda baƙo zai zata. Damina na kankama daga Disamba zuwa Maris, Janairu ya fi kowane wata ruwa. A lokacin hanyoyin gona na nutsewa, kogwanni masu rafi a ciki kuma na iya cika cikin ƙanƙanen lokaci ko da ba a yi ɗigo ɗaya a inda kake ba, domin ruwan da ya sauka a bayan dutse ta ƙarƙashin ƙasa yake zuwa. Agusta zuwa Oktoba ƙasa ta bushe, ko'ina na shiguwa, sai dai gonaki sun zama kara. A ganina Mayu da Yuni sun fi: ruwa ya ja baya, ƙasa na nan kore.

Daga Salenrang na koma kudu maso gabas zuwa Leang-Leang, inda aka fara ba da rahoton zanen kogo a 1950, lokacin da wata mai bincike mai suna Heeren-Palm ta ga hotunan hannuwa a Leang Pettae. Wurin yanzu lambu ne mai shinge, kuma sai mai gadi ya buɗe ƙofar kogon. A bakin Leang Pettae akwai tarin ɓawon katantanwar ruwa da mutanen da suka ci suka zubar, ya daskare da ƙasa. Leang Petta Kere na sama, ana hawa matakalar ƙarfe, sannan a ɗan rarrafa a kan dutse mai santsi. A can akwai hannuwa fiye da 20 da hoton dabba mai kama da aladen daji. Hannuwan ba shafa su aka yi ba. Mutum ya ɗora tafinsa a bango, ya cika baki da jar ƙasa mai tsatsar ƙarfe da aka niƙa aka dama, ya fesa a kewaye. Da ya ɗaga hannu sai siffar ta fito fara, kewayenta ja. A wasu kogwannin an sake gyara yatsun sun yi tsini, salon da aka san Sulawesi da shi. Kogwanni sama da 300 ne a Maros da Pangkep aka samu zane a cikinsu.

Shekara da shekaru ana ɗauka cewa zanen bai wuce shekara 10,000 ba, bisa tunanin cewa babu fentin da zai jure zafi da danshin wannan ƙasa fiye da haka. Abin da ya sauya lissafin wasu ƙananan ƙuraje ne farare da ke fitowa a bangon kogo, kamar gugguru. Ruwan da ya narkar da dutse a sama, in ya tsattsafo bango ya bushe, yana barin abin da ya ɗauko, shafi bisa shafi, wani lokaci a kan zanen kansa. Ruwa na ɗauke da ɗan sinadarin yuraniyom, amma ba ya ɗaukar toriyom domin wannan ba ya narkewa. Saboda haka sabon ƙurji na fara rayuwa da yuraniyom zalla, wanda ke rikiɗewa zuwa toriyom a kan ma'auni sananne. In aka auna yawan wannan da wancan, an san shekarun ƙurjin. Tunda kuwa a kan fenti ya tsiro, fentin ya girme shi. Shi ya sa duk adadin da za ka ji “aƙalla” ne, zanen na iya fin haka nesa ba kusa ba.

Hanyar na da wuraren da take kuskurewa, kuma ya kamata mai karatu ya san su. Idan ƙura ta shiga ƙurjin tun yana tsirowa, tana zuwa da nata toriyom, sai shekarun su fito da yawa fiye da gaskiya. Ana gane wannan ta auna wani nau'in toriyom da ƙura kaɗai ke kawowa, a cire shi daga lissafi. Idan kuma ruwa ya dawo daga baya ya wanke yuraniyom, nan ma lissafi na yin sama. Maganinsa shi ne a auna shafi-shafi, a tabbatar na kusa da fenti ya fi tsufa, na waje ya fi ƙuruciya. In jerin ya rikice, a watsar da samfurin. Akwai kuma kuskuren da ke jan lissafi ƙasa: a da ana kankare shafin ne a narkar a ruwan asid, tsoho da sabo na gauraya. Yanzu ana amfani da hasken leza da ke ƙona ɗigon da bai kai kaurin gashin kai ba, ana kaiwa daidai shafin da ke manne da fenti.

Da wannan awo ne a 2014 Maxime Aubert da Adam Brumm na Jami'ar Griffith ta Ostareliya, tare da abokan aikinsu na Indonesiya, suka nuna cewa wani hannu a Leang Timpuseng ya kai aƙalla shekara 39,900. A 2019 aka bayyana bangon Leang Bulu' Sipong 4 a Pangkep, mai faɗin mita 4.5: aladun daji biyu, ƙananan ɓaunaye huɗu da ake kira anowa, da wasu ƴan siffofi takwas masu kama da mutane suna fuskantar su da abin da ya yi kama da masu ko igiyoyi. An fara ba shi shekara 43,900, awon leza ya mai da shi 48,000. A 2021 sai aladen Leang Tedongnge, tsawonsa santimita 136, tsayinsa 54, aƙalla shekara 45,500, a wani kwari da ambaliya ke rufewa duk damina. A 2024 kuma Adhi Agus Oktaviana ya jagoranci rahoton Leang Karampuang, alade da siffofi uku, aƙalla 51,200. Sulawesi ba ta taɓa haɗewa da babban yankin Asiya ba ko a lokacin da teku ta fi janyewa, don haka waɗanda suka yi zanen nan ta ruwa kakanninsu suka iso. Waɗannan kogwanni huɗu ba a buɗe suke ga kowa ba, sai da izinin ofishin kula da kayan tarihi da ke Makassar. Wanda ya san zanen shanun Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu zai gane yadda jan fenti ke zama a jikin dutse, sai dai namu a kan dutsen da ba ya narkewa yake, ba ya tsirar da irin waɗannan ƙuraje.

Abin baƙin ciki shi ne bangon na ɓarewa. A kusan kowane kogo da na shiga akwai fararen tabo inda fatar dutse ta faɗi da fentin da ke kanta, wani hannun saura yatsu biyu. Duk wanda ya zauna a gidan ƙasa ya san yadda gishiri ke cin gindin katanga, kuma abin da ke faruwa ke nan. Fentin na kan wata siririyar fata mai tauri. Da damina danshi na shiga dutsen da narkakken gishiri. Da rani ruwan ya ƙafe, gishirin ya daskare a ƙarƙashin fatar, ya kumbura da zafin rana, ya motse da sanyin dare, har fatar ta saki. Binciken da Jillian Huntley ta jagoranta a 2021 a kogwanni 11 ya sami alamar gishirin a dukkansu, ya kuma danganta tsanantar abin da yawaitar fari mai tsanani da ke biyo bayan damina mai ƙarfi, da kuma ruwan da ake tsarewa a fadamun shinkafa da tafkunan kifi, wanda ke riƙe danshi a gindin duwatsu. Ba zan ɗora wa manomi laifi ba, shinkafar nan ita ce abincinsa. Amma baƙo na da nasa rabon kiyayewa. Kada a taɓa bango, domin gumi gishiri ne da maiƙo. Kada a watsa ruwa don launi ya fito a hoto, wannan na daga cikin mafi munin abin da ake yi wa zanen. Kada a sha taba ko a kunna wuta a ciki, kuma jaka a sauke ta a waje, don a wuri mai ƙunci ita ke gogar bango ba tare da mai ita ya sani ba. A shiga mutum uku ko huɗu, a fito da wuri.

Tsakanin masu zanen da Bugis na yau akwai wasu mutane da masana ke kira Toala, mafarauta da suka zauna a nan daga kimanin shekara 8,000 zuwa 1,500 da suka wuce. Alamarsu kan kibiya ne na dutse mai haƙora kamar zarto. A 2015 masu bincike na Jami'ar Hasanuddin suka tono ƙasusuwan wata budurwa mai shekara 17 ko 18 a Leang Panninge, an binne ta a naɗe kimanin shekara 7,200 da suka wuce, suka sa mata suna Bessé'. Akwai kuma baƙin zane na gawayi, mutane da jirage, wanda manoman da suka iso daga baya suka bari. Mai ƙarfin gwiwa zai ga zane da yawa wuri ɗaya a Sumpang Bita ta Pangkep, bayan hawan matakala kusan 1,000.

Bantimurung na kusa da Leang-Leang, kuma ita ce ƙofar gandun dajin ƙasa na Bantimurung-Bulusaraung da aka kafa a 2004, mai hekta 43,750. Ruwa na gangarowa a kan faffaɗan dutse mai santsi, ranakun Asabar da Lahadi mutanen Makassar na cika wurin da wanka, don haka mai son ganin halittu ya zo tsakiyar mako da hantsi. A nan masanin halittu ɗan Birtaniya Alfred Russel Wallace ya tattara malam-buɗe-littafi a 1857, kuma har yau suna taruwa a kan jiƙaƙƙen yashi suna tsotsar gishiri. A bakin ƙofa ana sayar da busassu a cikin gilashi. Shawarata kada a saya: wasu manyan nau'o'in doka ta kare su, fita da su daga ƙasar ba takarda laifi ne. A hanyar da ta haura ta dajin Karaenta zuwa gundumar Bone kuma birai baƙaƙe marasa wutsiya na zama a bakin kwalta. Irinsu babu a ko'ina a duniya sai kudancin Sulawesi, kuma suna cikin haɗarin ƙarewa. Abincin da matafiya ke jefa musu ne ya fito da su daga daji, yanzu mota na take su.

Ƙarƙashin ƙasa wata duniya ce. Kogon Salukang Kallang ya haura kilomita 12, ramin Leang Pute kuma ya zarce mita 250 a tsaye. A rafukan cikin duhu akwai ƙaguwa da kifi farare da idanunsu suka shafe, abincinsu abin da ruwa ya kawo da kashin jemage. Gua Mimpi da Gua Batu na Bantimurung sun isa wa baƙo. Ko a nan a sa takalmi mai riƙe ƙasa, a ɗaura tocila a goshi don hannu biyu su zama a sake, a riƙe ta biyu a aljihu. Manyan kogwannin sai da jagora, hular kwano da igiya, kuma da rani kawai.

Mutanen yankin Musulmi ne tun bayan da sarakunan Gowa da Tallo, masarautun Makassar, suka karɓi addini a 1605. Masallaci ba ya wuyar samu, alƙibla na yamma da ɗan karkata arewa, agogonsu kuma na gaban na Najeriya da awa 7. Maros cibiya ce ta ɗarikar Khalwatiyya Samman, wadda ke komawa ga Shehu Muhammad al-Samman na Madina, tushen Sammaniyyar da Hausawan Sudan suka sani. Tsohon rubutunsu, lontara, ya samo suna daga itacen da ake rubutu a ganyensa, ɗan'uwan giginya. A Segeri ta Pangkep har yanzu ana bikin Mappalili a watan Nuwamba, a fito da tsohuwar garmar gado kafin kowa ya fara huɗa, abin da ke sa gonaki su tashi lokaci ɗaya. Abinci kuwa, gasasshen kifin tafki da suke kira bolu, mai daɗi da yawan ƙaya, da romon naman sa na sop saudara, su ne na Pangkep.

A 2023 UNESCO ta sa Maros-Pangkep cikin jerin wuraren duniya masu muhimmanci ga tarihin duwatsu da ƙasa. Wannan bai hana fasa dutse ba. Manyan masana'antun siminti biyu na aiki a yankin, ɗaya a Maros ɗaya a Pangkep, ban da masu yankan marmara, kuma Bulu' Sipong kansa a cikin filin ɗaya daga cikinsu yake, an kewaye shi an keɓe. Indonesiya na buƙatar siminti kamar yadda muke buƙata, kuma dubban gidaje na ci daga aikin. Damuwata ita ce dutsen nan rumbun ruwa ne. Saman fatarsa mai ramuka da saiwoyi ita ke shanye ruwan damina ta riƙa sakinsa a hankali har ƙarshen rani. In aka kankare ta, ruwan na zubowa lokaci ɗaya ya zama ambaliya, idon ruwa kuma ya ƙafe da wuri, kuma babu dashen itacen da zai mai da ramukan da aka niƙe.  A hanyar komawa filin jirgi na ƙetare kogin Maros a tsakiyar gari, manyan motoci masu ɗauke da buhunan siminti na bin gadar zuwa tashar jiragen ruwa.